Ramin Ado

Shekara talatin da ɗaya ina ginar rijiya a Adar,
daga Tawa har bayan Keita.
Na sauka gaba arba'in da igiya a ƙugu,
sama ta koma kamar dala a bakin rami.
Ban taɓa fasa ƙasa don wasa ba.

Sai ga ni a Yamai, a lambun Alhaji Tankari.
Ya nuna mini hoto cikin salula:
wani lambu can Ingila,
kogon da hannu ya gina, bango liƙe da bawon kodi,
hanya ta nutse ƙarƙashin tudu, ta ɓullo gaban tafki.
Ya ce, Abarshi, irin wannan nake so.
Na ce, ruwan fa, a gaba nawa?
Ya yi dariya har hula ta karkace.
Ruwa yana famfo, in ji shi. Duhu nake saye.

To, mai kuɗi ya ce duhu.
Ni da Saini, yaron magina,
muka yi wata biyu muna jera jan dutse.
In na miƙe bango, a ce in tanƙwara shi.
A rijiya karkata ajali ce,
a nan ita ake biya.
Muka shafa wa siminti ruwan kashin shanu
don gansakuka ta kama,
sabon abu ya yi ƙaryar tsufa.

Daren da za mu gama na kwance ƙullin zanena.
Kodi uku ne, sun zama dutse,
na tsinto su a gindin wata rijiya da ta ƙi ba da ruwa.
Ubana ya ce teku ta taɓa kwana a Adar,
ta tashi ba sallama.
Na dasa su a kwanar da fitila ba ta kai.

Baƙi sun zo, sun sunkuya, sun ɗauki hoto.
Jikar Alhaji kaɗai, Hamsatu,
ta bi bango da yatsa har ta tsaya.
Baba, waɗannan ba na kasuwa ba ne.
Na ce, a'a.

Da azahar nakan shiga in zauna.
Sanyin dai shi ne, na san shi a ƙashina.
Sai in ɗaga kai, don sabo,
in nemi dalar nan ta sama,
in jira a ja igiya.