Dala

A Marwa, gefen kasuwar fata,
Gwaggo Tasalla na ƙirga ciniki da baki:
gyaɗa dala goma, yakuwa dala ashirin.
Dalarta sefa biyar ce,
'yar ficiciya mai ɓuya a ƙullin zane,
yau ko ƙwayar alewa sai an yi mata alfarma.

Taku arba'in daga tirenta
Barau ɗan canji ya lashi yatsa.
Shi ma dala yake ƙirgawa,
koriya, mai ƙamshin sabuwar takarda,
ɗaya tasa ta haɗiye ɗari da 'yan kai na Gwaggo.
Takwarori ne, amma ko gaisawa ba sa yi.

Na kai ƙara gun Malam Hamajoda,
wanda ya koyar da Turanci
har alli ya cinye masa murya.
Ya ce, Bature ma aro ya yi.
Can ƙasar sanyi akwai wani kwari,
aka tono azurfa a cikinsa, aka buga kuɗi,
aka raɗa wa kuɗin sunan kwarin.
Tal, in ji mutanen wurin. Tala.
Baki ya miƙa wa baki,
harshe ya side mata gefe
yadda tafin hannu ke side kan sulalla.
Ta hau jirgin ruwa, ta hau raƙumi,
kowane zango ta bar ɗan nauyinta.

Dariya ta kama ni.
Kakana Bakano ne, fatauci ya ajiye shi nan,
in ya ce Dala sai ya ɗaga haɓa,
dutse yake nufi.
Wato haifaffiyar kwari ta sha tafiya
ta tarar da mai sunanta a kan tudu?
Malam ya kaɗa kai: kama da wane ba ta wane,
ba su haɗa ko kaka ba.

Da dare na buɗe adudun mahaifiyata.
Ga ta nan, ƙarƙashin tsohon turare,
ta azurfar, an huda ta don wuya,
fuskar wata mata ta kusa shafewa.
Na kai wa Barau, ya ce ba ya canjin wannan.
Na kai wa Gwaggo.
Ta jinjina ta a hannu, ta daɗe shiru,
ta ce, da irinta uku aka auro uwata,
sannan ta auna mini gyaɗa
ba ta faɗi kuɗi ba.