Zarar Bunu

A bayan ofishin ƙungiyar masu albasa, nan Tawa,
akwai ɗan ɗaki marar taga.
Can na ajiye tsohuwar na'ura
wadda aka ce a bai wa masu gwangwan.
Ba ta da intanet, ba ta san kowa ba.
Igiya ɗaya ce tsakaninta da duniya,
mai ruwan toka, haƙora tara a bakinta.

Cikin taran biyu na bari,
na kai magana da na ƙasa.
Na dawowa na sa almakashi na datse.
Abarshi mai gadi yana haska min cocila:
"Madam Rakiya, sabuwar waya kike ɓatawa?"
Na ce shaida nake nema mai kunne kaɗai.
Wanda ba ya amsa sallama
ta ina za a miƙa masa goro?

Bara buhu ɗari uku da goma suka ɓace
daga cikin babbar na'ura,
har da sawun wanda ya ɓatar.
Manoma suka zauna a gindin dogon yaro har la'asar.
Me muka nuna musu? Farin allo.

Yanzu duk wanda ya shiga, duk abin da ya taɓa,
layi ne, yana bin igiya ta hudar bango,
harafi bayan harafi,
tafiyar tururuwa da ƙwayar hatsi.
In kuran ya ɗauke, batirin mota na nan.
Magana zarar bunu ce.
Na ba ta ƙofar fita, na toshe ta komawa.

Daren Talata, biyu da minti sha huɗu,
aka shiga da sunan Nomau.
Nomau da aka kai makwanci tun damina.
Ba wanda ya tuna ya rufe asusunsa,
har ni.

Da safe babbar na'ura fes,
kamar tsakar gidan da aka share da asuba.
Na buɗe kwado, na shiga ɗaki marar taga.
Ga buhunan, ga lokacin,
ga ma umarnin sharewa, shi ne layin ƙarshe.
Tsintsiya ta bar sawunta.

Na buga takarda, na ninke huɗu.
Abarshi ya miƙo shayi, na kasa riƙe kofin.
Mutum uku suka san kalmar sirrin Nomau.
Ɗaya ni ce.
Biyun anjima za su ce min ina kwana.