Magini a Asibitin Dala

Shekara goma sha tara ina ɗora bulo a kan bulo,
daga Kurna har Sharaɗa akwai katangun da suka san tafin hannuna.
Ban taɓa faɗowa daga tsani ba.
Cinyata ce ta fara yi mini gardama,
can ƙasa, dab da gwiwa,
wani ciwo mai ladabi da rana,
marar kunya in dare ya raba.

Na ce gajiya ce. Lantana ta ce sanyi ne,
ta dafa ruwa, ta gasa mini da tsumma.
Malam Jibo maɗori ya lalluba, ya ce targaɗe,
ya murza, ya tofa, ya ɗaure da kara.
Na biya shi, ɗingishi ya rako ni gida.

Kumburin bai ji magana ba.
Wandon aikina ya fara matse ni a ƙafa guda.

A Dala likita ta ɗaga hoton ga hasken taga.
Na ga ƙashina kamar kumfar sabulu a bakin kwata,
fari a gefe, ciki duk rami.
Na san wannan aikin. Haka gara ke yi wa azara,
ta bar maka fuska lafiya lau,
sai ranar da ka jingina.

Ta ce ƙari ne, ƙwayoyinsa manya-manya,
ba kasafai yake yawo a jiki ba,
amma inda ya zauna sai ya cinye wurin.
Za mu buɗe, mu kankare, mu cike gurbin da siminti.

Siminti? Na yi dariya har ciwon ya tuna da ni.
Na ce likita, buhu nawa?
Yashin Calawa za ku sa ko na Wudil?
Sai da ta juya baya ta murmusa.

Yau sati shida.
Sanduna biyu a hammata.
Yarona Hambali ya riƙe aikin Rijiyar Zaki,
ya turo hoto, kusurwa ta ɗan karkace,
na yi shiru.

An ce in riƙa dawowa wata uku-uku,
don gara takan tuna gidan da ta taɓa ci.
To. Ni ma na san gini,
ba a yabon katanga sai ta ga damina.

Da asuba nakan dafa wurin,
in ƙwanƙwasa a hankali da ɗan yatsa
yadda nake yi wa sabon filasta,
in kasa kunne
ko akwai sauran kogo.