Nauyin Ƙafar Kaza

A Yelwan Garwa, bayan lisha,
zafi ya koro mu tsakar gida.
Yaya Haladu ya jingina waya a jikin tulu,
fim ɗin Indiya mai fassara,
mu uku a tabarma ɗaya, har da Goggo Tabawa.

Jarumin babban wa ne, gashin baki kamar ƙahon ɓauna.
Uba ya rasu, gida ya dawo wuyansa.
Ya doke ƙarti bakwai cikin ruwan sama
don ɗayansu ya yi wa ƙanwarsa fito.
Goggo ta tafa: "Namiji ke nan!"
Can kuma sai ya karɓe wayar yarinyar,
ya sa wa ƙofa kwaɗo,
ya yaga takardar aikin da ta samu a birni,
yana yagawa yana kuka,
goge na taya shi daga baya.

Na ce, "Wannan ai kurkuku ne aka yi wa ado da fure."
Goggo ta ce, "Ke, don kaza ta taka ɗanta ba ƙiyayya ba ce."
Na ce, "Amma ɗan tsakon ne ya san nauyin ƙafar."

Yaya bai tanka ba.
Hasken wayar na kan fuskarsa, na ga idonsa ya jiƙe,
ban san wa yake tausaya wa ba,
wan ko ƙanwar.

Shi ne fa ya ajiye littafi shekarar da Baba ya kwanta,
ya hau babur, daga gadar Binuwai zuwa babbar kasuwa,
sefa ɗari, sefa ɗari biyu,
har na gama sakandare.
Shi ya goye ni zuwa asibiti daren da kunama ta harbe ni,
ba ko takalmi.
Shi ne kuma yake ƙirga daɗewata a famfo,
ya san ƙarar sillifas ɗina tun daga lungu.
Takardar makarantar ungozoma ta Ngaundere
wata biyu ke nan tana akwatinsa,
wai kada gara ta ci.

Caji ya ƙare ana tsakiyar faɗa.
Allon ya yi baƙi, muka ga fuskokinmu a ciki.
Goggo ta miƙe tana kaɗe zane:
"Ƙarshensu ɗaya ne, a yafe wa juna a yi rawa."
Ni dai ban yi barci ba.
Ta bayan labule ina jin shi yana juyi.

Da asuba na tarar da shi yana wanke babur.
Takardar na kan sirdi, ya danne ta da dutse.
Bai ɗago ba ya ce,
"Lantana, ran Asabar zan kai ki tasha."
Ya matse tsumma, ya sake matsewa.
"Amma ni zan zaɓi motar.
Kuma sai na ga idon direban."