Abu Na Bakwai

Dikodar na mayar musu tun Nuwamba.
Da hannuna na kai ta, cikin kwalin takalman Delbert,
yarinyar kanta ta miƙo mini rasit tana taunar cingam.
Ga Maris ya kama,
bil ɗin bai ji labari ba.
Hayar dikoda, dala goma sha huɗu.
Tashar wasanni, dala tara,
ni da ban san wa ke jifa, wa ke gudu ba.
Can ƙasa kuma, da rubutu mitsi-mitsi kamar kashin ƙuda,
kuɗin hidima.
Hidimar wa?

Marnie ta ce, Kaka, ajiye takardar nan ki shiga mota.
Daga Kearney zuwa Casper tafiyar yini ce.
A bayan ambulan ɗin kamfanin ta jera abu bakwai,
kowa da wayarsa, kowa da idonsa,
wanda ya rasa hoto ɗaya shi zai biya abincin dare.

Gauraki muka fara samu, ba mu ko bar kogin Platte ba,
sun cika gonar masara suna ta surutu
kamar mata a bakin coci bayan an tashi.
Ta ɗauka. Ni na ɗauki babban yatsana.

Jan rumbu, nata.
Kare a bayan a-kori-kura, kunnuwa na filfilwa, nata.
Ni ina riƙe da waya a kunne:
danna ɗaya, danna huɗu, faɗi lambar asusu,
ban ji ba, sake faɗi.
Kiranki yana da muhimmanci a gare mu.
Sai goge, goge ɗaya tal, yana zagaye kansa
mil arba'in da biyu.
Tankin ruwan Ogallala ya wuce ina cikin muhimmanci.

Daga baya wani yaro ya ɗauka, wai Corwin,
murya kamar wanda bai karya kumallo ba.
Ya ce asusun da sunan Delbert Hruska yake,
sai ya yi magana da mai asusu.
Na ce, ɗan nan, ni ma shi nake nema.
In ka same shi
ka ce tsanin da ya jingine a gareji yana nan,
ban iya ɗaga shi ni kaɗai.

Shiru.
Na ji yana haɗiyar yawu tun daga inda yake.
Ya ce, Hajiya... a'a, ba haka ya ce ba,
cewa ya yi, Uwargida Hruska, bari in...
Sai hanya ta nutse tsakanin tuddan yashi,
layi ya ɗauke.

Marnie ba ta dube ni ba.
Ta rage gudu dai, ta nuna da haɓa:
allon gidan mai, harafi biyu sun faɗi.
Wannan na samu. Ya ɗan karkace, amma na samu.
Mai hular kaboyi ma na samu, yana zuba mai yana hamma.

Na bakwai ta rubuta: abin da ake bayarwa kyauta.
Muka tsaya gefen titi, rana ta yi ja,
sama ta sauko har bakin waya, ba gini, ba bishiya.
Na ɗaga wayata.
Ta ce, yi a hankali, Kaka,
kada su ji su saka a bil.
Dariya ta kama ni har hoton ya girgiza,
abin da ya fito rabin sama ne, rabin kunnenta,
kunnen nan mai ɗan lanƙwasa, na kakanta sak.

Ni na biya abincin.
Gobe zan sake kira, rasit yana jakata.
Sai dai na san halina:
in suka gyara,
babu sauran ambulan da zai zo gidan nan da sunansa.