Kamfani Bai San Ka Ba

Shekara goma sha tara ina bin hanya ɗaya:
In idar da asuba a Tudun Jukun, in hau keke,
In tsallake Kubanni ƙafar wando jiƙe da raɓa,
In iske Cikaji tana ƙamshin tunkuza mai zafi.
Jiniya ba ta taɓa riga ni ƙofa ba.

Injin matsa na uku, ni na raine shi.
Na san tarinsa, na san ranar da ƙyuya ke kama shi.
Nakan kafa ƙarfe a ƙirjinsa, in ɗora kunne,
In ce, "Sambo, boris ɗin hagu, saura kwana huɗu."
Bai taɓa kai biyar ba.

Ran wata Laraba manaja ya tara mu gindin darbejiya,
Ya ce man ƙetare ya karya mana farashi:
Ya sha teku, ya sauka Ikko, ya hau tirela,
Ya iso Sabon Gari, duk da haka ya fi namu araha,
Namu da ake matsewa a bayan katangar nan.
Na yi lissafin da yatsu, na yi shi da tsinke a ƙasa,
Har gobe bai fito mini ba.

Mu tamanin aka sallama.
Bayan sati biyu aka kira talatin,
Amma ta hannun Alhaji Mijinyawa,
Wanda ofishinsa kaf yana cikin jakar hannu.
Ƙofar dai ita ce, injin shi ne,
Har ƙusar da nake rataye hula tana nan.
Kakin ne ya koma shuɗi, albashi ya motse.
Da ƙarfe ya cinye mini kan ɗan yatsa,
Na tafi wajen akawu, wanda na ci tuwon sunan ɗansa,
Ya buɗe littafi, bai ɗago ido ba,
Ya ce, "Barau, kamfani bai san ka ba."

Sambo kwangila ta kore shi, Kwangila ta karɓe shi,
Can yake kiran fasinjan Samaru a keke mai ƙafa uku.
Lami mai alale ta kife tukunya, ta koma Giwa.
Iro kuwa, da bai taɓa riƙe sifana ba,
Sauke jarkokin nan ya fara, yanzu yaransa bakwai,
Ya yi rufin kwano, ya aiko mini da goron tarewa.
Na ci. Ban ce haram ya tara ba.

Bara aka kawo sabon inji a cikin akwati,
Ba ya tari, sai ƙifta ido a gilashi.
Aka kawo Lantana, 'yar Sambo ta biyu,
Wadda na sha goyawa a kariyar keke,
Ta gama foli, tana karanta harshen da yake yi.
Yatsa ɗaya take sawa, aikin mutum shida ya tashi.
Na taya Sambo murna, na kwana ban runtsa ba.

Shekaranjiya gilashi ya ce lafiya lau.
Ni kuwa na ji wani siririn kuka a can ƙasa,
Kamar sauro a cikin tulu.
Na miƙa mata ƙarfena, na ce, "Ɗora kunne."
Ta daɗe. Sannan ta kashe injin da hannunta.

Yanzu bayan la'asar muna musaya:
Ita ta nuna mini inda ja ke nufin zafi,
Ni in koya mata shirun da ba na lafiya ba.
Tabarau na saya, ɗari takwas, a bakin kasuwa.
Kwangilar Alhaji za ta ƙare watan gobe.
Kullum in mun haɗu sai ya tambayi iyali,
Sauran zancen bai ce komai ba.