Ba Gajiya

Zuwaira, 'yar ƙanwata da ke karatu a Samaru,
ta ɗaura mini baƙin agogo a wuyan hannu.
"Kwana bakwai kawai, Kawu. Ko barci za ka yi, bar shi."
Na ce, alwala fa?
Ta ce ba ya tsoron ruwa.

Ba lokaci ne damuwarsa ba.
Wani koren ido gare shi ta ciki, yana ƙyaftawa a kan fata,
yana ƙirga bugun zuciya, yana ɗanɗana gumi,
kamar maƙwabcin da ya kafa kunne a katanga.
Na ja keke napep ɗina, na manta da shi.

Ran Asabar ta buɗe kwamfuta a kan tabarma.
Ga makona an zana shi da jan layi,
hawa da gangara, sai ka ce duwatsun Kufena.

"Nan fa, Litinin da safe?"
Kwangila. Tirela ta mutu a gindin gada,
mai naƙuda a bayana tana kiran sunan Allah, Shika da nisa.
"Talata da azahar?"
Gidan mai. Lita ta tashi, balas ɗin Alhaji yana nan inda yake.

"To waɗannan ƙananan ƙayoyin, ko'ina a yini?"
Na yi shiru. Na san su.
Nan ne ake ce mini ina gajiya,
in ce ba gajiya.
Shekara hamsin da shida ina faɗin haka,
ba wanda ya taɓa ƙaryata ni
sai wannan ɗan roba.

Amma shi ma ba waliyyi ba ne.
Tsauni mafi tsawo, Alhamis bayan isha'i,
ya rubuta: matsananciyar damuwa.
Zuwaira ta dube ni da idon likita.
Nafi'u ne ya kira daga Fatakwal,
wata takwas ban ji muryarsa ba,
ya ce, "Baba,"
na zauna a bakin kwata ina dariya ni kaɗai.

Kuma daren Laraba da ya ce na yi barcin awa shida,
idona biyu, ina kwance kamar gungume,
ina raba kuɗin haya gida huɗu, ba ya rabuwa.

Ta kwance abinta, ta sa a jaka, ta yi godiya.
Ya bar mini zobe fari-fari a fata.

Da asuba Malam Sabi'u mai shayi ya ɗago ludayi:
"Direba, ina gajiya?"
Na dubi hannuna tukuna.
Na ce, ba gajiya.
Ya ƙara mini sukari, bai ce komai ba.